Amsar murya: gayyatar farfesa zuwa gidan samgyeopsal

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanena, na saurari saƙonka har ƙarshe. Ka ce farfesanku zai kai 'yan lab cin samgyeopsal ranar Juma'a a wani ɗan gidan abinci da ke bayan makarantarku, wai minari, wani ganye da suke ci da naman, ya shigo, kana tambaya ko naman me ne. Naman alade ne, na gefen ciki, mai kitse layi-layi. Wannan kam ko waya ka duba za ta gaya maka. Ni abin da na ji a muryarka shi ne, in je ko kar in je, kuma in na je me zan sa a bakina.

Ka je. A nan Koriya wannan cin abincin na tare, hweshik ɗin nan, a wurin ne ake sanin mutum. Wanda bai taɓa ce maka uffan ba a lab, a nan zai tambaye ka garinku. Amma tun gobe ka samu farfesan ko babban ɗalibin lab ɗin ka gaya masa kai Musulmi ne, ba ka cin alade, ba ka shan soju, giyar nan tasu. Kar ka bari sai an zauna an kunna wuta. Ka riƙe wannan jimlar: dwaeji-gogi mot mogoyo, wato ba na iya cin naman alade. Batun zama a teburin da ake shan giya kuwa, ni ba malami ba ne, ka tambayi masana. Abin da nake yi dai, in zauna a bakin teburi, in karɓi saida, lemon nan nasu mai gas, da an ce za a wuce zagaye na biyu, wato a koma wani wurin a ci gaba da sha, in yi sallama.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Bara wani ya faɗa a wannan zauren, ba zan kama suna ba, wai ai minari ganye ne, ka ci abinka. Har yau maganar tana min ciwo, domin akwai sababbin zuwa da suka ɗauka. Ganye ne, gaskiya ne, amma ka taɓa kallon yadda suke gasa shi? Farantin ƙarfen da ke tsakiyar teburi a karkace yake, da gangan aka yi shi haka. Naman ana jera shi a sama, kitsen yana narkewa yana gangarowa zuwa wani ɗan rami, a ƙasa an ajiye kofi yana tare man. To a daidai hanyar da man ke bi, nan ake zuba kimci, kabejin nan nasu mai tsami da yaji, da tafarnuwa da tsiron wake, can ƙarshe a ɗora minari ya yi laushi. Man aladen ne ke soya shi, kuma daɗin da suke nema ke nan. Ka ce min wannan ganye ne kawai? Kuma da na yi magana sai aka ce na cika tsanani. Wane tsanani? Ni na ga man da idona yana tsiyaya a kofi. Ga almakashin da ake yanka naman, shi ake yanka ganyen da shi, abin kama naman ma ɗaya ne. Haka shinkafar da suke soyawa a ƙarshe, bokkumbap, a kan wannan farantin ake juya ta, kar ma ka kalle ta. Mutumin nan har cewa ya yi... a bar shi dai, ya wuce.

Abin da za ka ci yana da yawa, wallahi ba za ka tashi da yunwa ba. Za a kawo kwandon ganye ɗanye tun kafin nama: latas, wanda suke kira sangchu, da kkaennip, ganyen nan mai faɗi mai ƙamshi, da koren barkono. Ka ce a ba ka minari ɗanye a faranti daban, kafin almakashi ya taɓa shi. Ka yi odar farar shinkafa kwano ɗaya. Ka shimfiɗa latas a tafin hannu, ka ɗora kkaennip, cokalin shinkafa, ɗan samjang, haɗin nan na wake da yaji da ake dangwala, yankin tafarnuwa, ka karya minari biyu ka sa, ka naɗe, loma ɗaya. Karan minari ɗin rami ne a cikinsa, in ka tauna sai ya yi ƙaras, ƙamshin ya hau maka hanci. Idan ganyen ya ƙare ka ce a ƙaro, yawanci ba a biyan ko sisi. Akwai ƙwai da suke turarawa a 'yar tukunyar ƙasa, gyeran-jjim, wannan ma ka nema. Miyar doenjang, wato daddawar waken soya tasu, ka tambaya tukuna, wasu da kayan teku suke yi, wasu suna jefa nama. Miyar kimci kuwa ka ɗauka akwai alade sai an tabbatar maka babu.

Kuma ɗokin da suke yi da minari ɗin nan, da dalili. A cikin ruwa yake fitowa, kuma daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu ne ya fi taushi, in zafi ya shigo sai ya yi gautsi... a'a, ba gautsi ba, tauri nake nufi, ya yi zare-zare. Mutane har mota suke ɗauka su tafi Cheongdo, kusa da Daegu, kwarin Hanjae, su zauna a cikin rumfunan leda na manoma su ci a wurin. Ranar 3 ga Maris ma ranar samgyeopsal ce a wajensu, shaguna suna rage kuɗin naman. To ka ga mutumin da ya gayyace ka a wannan lokacin, abin da ya fi so ne yake so ya nuna maka, kamar yadda kai za ka kai baƙo wajen mai tsiren unguwarku. Shi ya sa ba na son a ƙi zuwa kai tsaye.

In an saba, kai ma ka kawo shawara. Ka ce karo na gaba a je gidan gasasshen kifi, ko a sha maeuntang, farfesun kifin nan mai yaji, shi ma da minari ake rufe shi. Idan kuma gashin kake sha'awa, ka hau zuwa Itaewon, layin babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, akwai masu sayar da naman halal, ka sayi na rago, ka biya kasuwa ka sayi damin minari, ka gasa a ɗakinka a kaskonka.

Au, sannan rigar sanyinka. Kujerun irin waɗannan gidajen da yawa murfi gare su, ka ɗaga ka cusa rigar a ciki, ko ka ce a ba ka babbar leda, in ba haka ba hayaƙin zai kama ta. Kuma ka yi Magariba kafin ku fita, don zaman yakan ja. Sai na ji yadda kuka ƙare.