Aikin haske a ido: ganin ɗana zai dawo?

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 16. Cikin shekara biyu sau uku muna canza masa tabarau, amma har yanzu sai ya ƙanƙance ido kafin ya ga rubutun allo. Tun yana ƙarami yake fama da ƙaiƙayin ido, balle da hunturu. An duba shi an ce keratokon ne, kuma yana ƙaruwa, sai an yi masa aikin haske. In an yi, ganinsa zai dawo? Daga wata uwa a Birni, Damagaram.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wannan aiki birki ne. Yana tsayar da ciwon a inda ya iske shi, abin da ya riga ya ɓaci kuwa da wuya ya maido shi. Wasu kan sami ɗan sauƙin gani daga baya, amma ba na yi wa kowa alkawarin haka. Tabarau ko gilashi mai tauri da ake manna wa ido, zai ci gaba da bukatarsu.

A gaban baƙin ido akwai tantani garau da muke kira korniya, kaurinsa ya ɗan ɗara rabin milimita. Saƙa ce ta zaruruwan kolajin, wato sinadarin da ke ba fata da jijiyoyi ƙarfi. A idon mai keratokon saƙar tana saki, tantanin ya yi siriri ya turo gaba kamar tsinin malfa, haske ya riƙa watsewa. Shi ya sa fitilar babur ɗaya da dare sai yaro ya gan ta da jela.

Kin san yadda majema ke jiƙa fata a ruwan bagaruwa ta yi ƙarfi? Fata ma kolajin ce, bagaruwa ke ɗaure zaruruwanta da juna. Kusan dabarar ke nan. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a kankare fatar saman tantanin, a riƙa ɗiga ribofilabin, wato bitamin B2, tsawon minti 30, sannan a haska hasken UVA, irin wanda ke cikin hasken rana amma ido ba ya ganinsa, wani minti 30. Bitamin ɗin da hasken su ke ƙulla sababbin ɗauri tsakanin zaruruwan. Likitocin birnin Dresden na Jamus, su Theo Seiler, ne suka fito da hanyar, suka wallafa sakamakonta a 2003, Amurka ta amince da ita a 2016. Yanzu akwai na'urorin da ke gama hasken cikin minti 10.

Abin da ya sa nake cewa kada ku yi sanya: a hanyar da aka saba, sai kaurin tantanin ya kai maikuron 400, wato ƙasa kaɗan da rabin milimita, kafin a haska, don kada hasken ya illata ƙwayoyin da ke bayansa. Ciwon kuma ya fi gudu a jikin matasa, sai wajen shekara 30 zuwa 40 yake lafawa. In tantanin ya yi siriri da yawa ko tabo ya fito, magana takan koma ta dashen tantani. Ki nemi a ɗauki taswirar tantanin a idanu biyu, domin ɗayan ma yawanci yana da shi, ko da bai nuna ba tukuna. Ki adana takardun, da su ake gwada ƙaruwar ciwon.

Kwana biyu zuwa uku na farko akwai zafi da hawaye, kar ki tsorata. Fatar takan rufe cikin mako guda, hazo-hazon gani kuwa yakan ɗauki watanni. Haɗarin da nake tsoro shi ne ƙwayar cuta ta shiga kafin fatar ta warke, ga ƙurarmu ta Damagaram. Zafi ya ƙaru bayan ya fara sauƙi, ko kika ga farin ɗigo a ido, ku koma wurin likita a ranar.

Sai maganar murza ido. Ina ganin yara suna sa bayan yatsa suna goga ido kamar mai dirza wanki, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke tura ciwon gaba, ko bayan aiki. A yi maganin ƙaiƙayin, ya riƙa ɗora tsumma mai tsabta da ruwan sanyi. Ɗigon kortizon da ake saye a tebur ba da takardar likita ba kuwa ki raba shi da shi, yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma yana iya jawo hawan ruwan ido da yanar ido.