Amsa kan sanya agogon matsin baƙin mai a tsohuwar Volkswagen Beetle

Malam, ka tambaya ko agogo mai bututu za ka sanya wa Beetle ɗinka ko mai amfani da lantarki. Shawarata ita ce ka ɗauki na lantarki, domin injin wannan mota a baya yake, kuma mai bututu yana bukatar a jawo baƙin mai mai zafi har gaban direba, inda tsagewa kaɗan za ta zubar da man inji ba tare da ka lura ba.

Inda ake yawan yin ɓarna shi ne wajen ɗaura sensa, wato na'urar da ke auna matsin mai a jikin inji ta aika wa agogo. Ramin yana ƙarƙashin distirbito (mai rarraba wuta ga filogi), inda makunnin fitilar gargaɗin mai yake, kuma ma'aunin haƙorinsa M10x1 ne, alhali sensar yawancin agogunan Amurka da ma'aunin 1/8 NPT take zuwa. Sun yi kama sosai, har sensar takan shiga zagaye biyu ko uku kafin ta cije, amma idan aka matsa mata da sifana jikin injin yana iya tsagewa, tunda ƙarfensa mai laushi ne. Ka nemi sensar kamfanin VDO mai kai biyu, wadda za ta ciyar da agogo kuma ta bar fitilar tana aiki. Kada ka naɗa tef a haƙorin, saboda ta nan wuta take komawa jikin inji.

Ka kuma duba batirinka ko ya dace da agogon, domin ƙirar da ta gabaci 1967 galibi bolt 6 ce. Idan inji ya ɗumama, matsin psi 10 (psi ma'aunin matsi ne) ga kowane juyi 1,000 a minti ya wadatar.