Ci 8 da 2, da wayar da na ƙi ɗauka

Ƙanena, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce abokinka na tun yarinta ya daina amsa saƙonka tun ranar da aka lallasa ƙungiyarsa ka bi shi da tsiya, kuma kai kanka ka lura labarin ƙwallo ya daina tayar maka da jijiyar wuya kamar da, har kana tambaya ko tsufa ne ya fara sallama. Bari in ba ka nawa labarin, don na riga ka shiga wannan wahala.

Ni Arsenal nake yi tun watan Oktoban 1999, ranar da Chelsea ta fara cin mu biyu da nema, sai Kanu ya zuba musu uku shi kaɗai a minti 15 na ƙarshe. Mutumina kuwa ɗan Manchester United ne tun kafin gemu ya fito mana. To ka san yadda zaman ya kasance. A kakar 2003 zuwa 2004 mun buga wasa 38 a gasar Firimiya ba wanda ya ci mu, na hana shi sakat shekara guda cur. Da muka kai wasa 49 a jere ba a doke mu ba, su ne suka tsinka mana igiyar a Old Trafford da ci biyu da nema. Har gobe ina nan a kan bakana cewa faɗuwar da Rooney ya yi aka ba su fenareti ta ƙarya ce, shi kuma har gobe yana cewa in je in kai ƙara. Wannan musu ya girmi ɗana na fari.

A wancan lokacin zafin gaske ne, ba na wasa ba. Daren da Barcelona ta ci mu biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a 2006, bayan an ba golanmu Lehmann jan kati tun minti na 18, ban runtsa ba. Kwana na yi ina sake buga wasan a kaina, ina canza 'yan wasa kamar wani ya ba ni aikin koci.

Sai ranar 28 ga Agustan 2011, da United ta lallasa mu. Ci 8 da 2. Ana hura usur ɗin tashi wayata ta fara ruri. Na duba, shi ne, na kife ta. Ta sake, na ƙyale. Sau takwas bawan Allah nan ya kira ni, sannan ya turo saƙo mai layi ɗaya: “Kira ɗaya kan kowace ƙwallo, kada a ce na cuce ka.” Yau in na tuna dariya nake yi, amma a ranar raina ya ɓaci matuƙa. Mako uku ban kula shi ba. Babban mutum da iyali, ina gaba da aminina saboda wasu samari da ba su ma san ina duniya ba. Shi ya gaji ya zo har gida, ya tsaya a ƙofa yana cewa, “Ta'aziyya na zo yi.” Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Shekara na zagayowa kuma ɗan wasanmu Van Persie ya tattara ya koma wajensu, ya ci musu ƙwallo 26 suka ɗauki kofi. Wannan kam ba ma sai na faɗa maka abin da kunnena ya sha ba.

Ka tambaya ko tsufa ne ke sanyaya mutum. Eh, shi ne, kuma ba ya sallama. Ni ban gane shi a madubi ba, a labarin wasanni na gane shi. Ferguson, kocin United, ya ajiye aiki a 2013 bayan shekara 26, kocinmu Wenger ya tafi a 2018 bayan shekara 22, sai na ga mutane biyun da muka gina musunmu a kansu duk sun bar filin. Arteta da na kalla yana gudu a tsakiyar fili ya zama kocinmu, ga shi sa'ana ne ko kusa da haka. Saka da nake wa ihu yanzu, a 2001 aka haife shi, lokacin na riga na shekara biyu ina shan baƙin cikin ƙungiyar nan. Idan ka ga 'yan wasa iri uku sun zo sun wuce a idonka, kowane da rantsuwar cewa ba zai bar ƙungiya ba, to jita-jitar kasuwar 'yan wasa ba za ta ƙara hana ka barci ba. Ga hidimar gida, ga aiki da sassafe, ga gwiwa da ta fara magana. Da in an ci mu sai in yi kwana uku fuska a murtuke. Yanzu in tsaki biyu na yi, na kashe talabijin, shi ke nan. Ban ce ya mutu gaba ɗaya ba fa. A kakar 2022 zuwa 2023 da muka daɗe a saman teburi sannan Manchester City ta wuce mu a ƙarshe, na ji tsohon ciwon ya motsa sosai, har uwargida ta ce ashe dai ban warke ba.

Labarin da ya fi girgiza ni a shekarun nan ma ba na ci ko rashin ci ba ne. Watan Yunin 2019 aka ce Reyes ya rasu a hatsarin mota yana da shekara 35, yaron da ke cikin tawagarmu ta 2004. Mutumina ne ya fara kirana. Ba tsiya, ba dariya. Cewa ya yi, “Ka ji yaronku?” Muka yi shiru a waya na ɗan lokaci, sannan muka shiga lissafa waɗanda muka taɓa kallon ƙwallo tare da su da yanzu ba sa raye. Mun ƙirga huɗu.

Yanzu ga inda na yi kuskuren da nake jin kai ma kana bakinsa. Ranar 5 ga Maris 2023 Liverpool ta yi wa United ci 7 da nema a Anfield. Ƙanena, shekara 11 da rabi ina ajiye da bashin nan. Na gyara zama, na ɗauki waya, na kira shi sau bakwai daidai, sannan na mayar masa da saƙonsa kalma da kalma. Na ga alamar ya karanta. Bai amsa ba. Na ce madalla, ta shige shi. Washegari na ƙara da hotunan zolaya, shiru. Na ce wa kaina ai dama mai tsiya ba ya son a yi masa, bari ya huce. Kwana goma ina jin daɗin wannan shirun.

Ƙaninsa na haɗu da shi, shi ya gaya mini mahaifiyarsu na kwance a asibiti tun kafin ranar wasan, kuma mutumina a can yake kwana. Wallahi sai da ƙafata ta yi sanyi. Wannan baiwar Allah ta san ni tun ina yaro, da sunana take kirana. Ni kuwa na san ɗan wasan United da ke jinya da makon da zai dawo, amma ban san uwar aminina na jinya ba. Da na lissafa sai na ga kusan shekara biyu duk abin da ke tsakanina da shi sakamakon wasa ne da hotunan tsokana. Muna ganin kullum muna magana, ashe mun daɗe ba mu gaisa ba.

Abin da ya sa haka ke faruwa, a ganina, shi ne idan shekaru suka ja, dalilan da ke haɗa abokai suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Makaranta ta ƙare, aiki ya raba gari, kowa ya shiga hidimar iyalinsa. Ƙwallo ce kaɗai ke ba manyan mutane biyu hujjar kiran juna kowane mako ba tare da wata buƙata ba. Alheri ne wannan, ba na raina shi. Illarsa ita ce tsiyar tana iya cinye gaisuwar, har ya zama in ɗayanku ya yi shiru, fassara ɗaya kawai za ka yi masa: haushin an ci su.

Saboda haka kada ka yanke hukunci cewa fushi yake yi. Daina tura saƙo, kira shi da murya, in kuwa da hali ka taka ka je. Kada ka ambaci wasan ko da wasa. Tambaye shi gida, tambaye shi iyaye da yara, tambaye shi jikinsa. In ya zamana tsiyar ce dai ta ɓata masa rai, to koma ka karanta abin da ka rubuta da idon basira. Zagin ƙungiya daban, taɓa mutum daban. “Golanku rariya ne” kowa zai shanye. Amma “dama kai komai ka taɓa sai ya lalace” ba maganar ƙwallo ba ce, musamman ga wanda kasuwa ko aiki ya juya wa baya, balle a ce a gaban mutane ka faɗa. Abin da mutum zai yi dariyarsa yana ɗan shekara 22, yana iya kwana da shi a rai yana da 42. In ka samu irin wannan a cikin maganarka, ka ce ya yafe maka a taƙaice, kada ka tsaya kare kanka da cewa ai wasa ne.

Ni dai a daren na tafi asibitin. Na same shi zaune a kan benci a baranda, ido ya faɗa, riga duk ta yamutse. Na zauna kusa da shi na rasa ta inda zan fara. Shi ya fara magana. Ya ce kiran farko ya ɗauka na ji labari ne, har ya miƙa hannu zai ɗauka sai likita ya fito, da ya dawo ya ga saƙon sai kawai ya kife wayar. Na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai, laifinsa ne shi ma da bai faɗa ba. Muka shiga na gaishe da Mama, ta gane ni, ta riƙe hannuna tana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba ta sauƙi daga baya, ta koma gida.

Da zan tafi ya rako ni har bakin ƙofa. Mun yi sallama, na juya ke nan, sai na ji ya kira sunana. Na waiwaya. Ya ɗaga yatsu yana ƙirgawa a hankali, ya ce, “Amma dai ka san bakwai ba ta kai takwas ba ko?”