Shamuwa ta zo ruwa shiru, wa zan gaya wa?

Tambaya: Salam Malam. Ni manomi ne a wajen Gumel, tun muna yara in shamuwa ta sauka kan tsamiyar bakin gari kowa ya san lokacin sharar gona ya yi, amma yanzu sai in ga kamar lissafin ya rikice, ta zo ta yi sheƙa ruwa shiru. Wai sauyin yanayin da ake faɗa a rediyo ne? Kuma wannan lura tamu tana da wani amfani?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Amfani kam akwai, amma fa ɗan'uwa "sai in ga kamar" ba ya shiga lissafin masana, su kwanan wata suke so. Shamuwa kudancin Afirka take tafiya in damina ta wuce, ta dawo mana gab da faɗuwar ruwa, to shekara ɗaya ko biyu da abu ya saɓa ba hujja ba ne, daminarmu dama can haka take, wata ta yi wuri wata ta makara.

Duba Japan. A birnin Kyoto tun ƙarni na 9 fadawa da malaman addininsu suke rubuta ranar da wata bishiya mai suna sakura ke cika da fure, su don biki suke yi ba don kimiyya ba, amma da aka haɗa rubutun sai aka ga furen na ta matsowa da wuri saboda ɗumi, a 2021 ya cika tun 26 ga Maris alhali da can sai tsakiyar Afrilu. Ba masana kimiyya ba ne fa suka rubuta wannan!

Mu ma muna da namu. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, 'yan sa-kai ne ke yi, ka saukar da manhajar BirdLasser a waya, duk tsuntsun da ka gani ka danna sunansa ita kuma ta ɗauki wuri da lokaci. Matsalarta dai ba da Hausa sunayen suke ba, sai ka nemi wani ɗalibi ya nuna maka.

In babu babbar waya, littafin makaranta ya isa. Ranar da shamuwa ta fara sauka, ranar ruwan shuka, ranar da gawo ya zubar da ganye, wuri ɗaya bishiya ɗaya kowace shekara, kuma ko a shekarar da komai ya zo daidai ka rubuta, don nan ne mutane ke sakaci.