Amsa ga Hajiya kan babban layin wuta da ƙwayoyin kariya

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki tun daren jiya, cewa kun tare a gidan da ke kusa da babban layin wuta, wata mai tallan magani ta ce miki wutar na cin naman jiki a hankali, sai kin riƙa ba yara ƙwayoyin antioksidan kullum. Na kuma ga amsoshi sun rabu, wasu na cewa zogale da zoɓo sun wadatar, wasu na cewa duk zance ne. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina aikin layi, tun daga hawa falwaya har na koma ɓangaren kiyaye haɗurra, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ƙarfin nan da ke kewaye da waya akwai shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin babban layin 330kV (wato mai ƙarfin kilobolt 330) da damina ya san ƙarar nan kamar ana suya, gashin hannu yana miƙewa. Na sha ajiye mota a ƙarƙashinsa, in kai hannu ƙofa in ji ta ɗan tsikare ni. Sai dai abu biyu ne ke fita daga waya, mutane na haɗa su wuri ɗaya. Na farko filin lantarki, wanda ba shi da ƙarfi a gaban shamaki: katanga, kwanon rufi, har bishiyar darbejiya suna tare mafi yawansa. Na biyu filin maganaɗisu, shi ke ratsa bango, amma yana saurin raguwa da an yi nisa da waya. A 2002 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka na maganaɗisun a rukunin abubuwan da mai yiwuwa su jawo daji, saboda wata alaƙa mai rauni da aka gani da sankarar jinin yara. Shi kuwa na lantarkin, ta ce babu isasshiyar hujjar yanke hukunci a kansa.

To daga ina maganar antioksidan ta samo asali? Ki fere dankalin Turawa ki bar shi a faranti, kin san yadda yake duhu. Ki matsa masa lemun tsami, zai daɗe da haskensa. Irin wannan tsatsar tana faruwa a ƙwayoyin halittar jiki, kuma antioksidan su ne sinadaran da ke rage ta. Jiki na ƙera nasa, abinci na ƙara masa. A 2008 masu bincike a Jami'ar Gazi da ke Ankara a Turkiyya sun wallafa wani gwaji da suka yi da ɓerayen Masar. Sun saka su cikin filin lantarki mai kilobolt 12 a kowace mita, awa takwas kullum har kwana bakwai. Alamun tsatsar sun ƙaru a hantarsu, sun kuma ragu a waɗanda aka ba wani sinadari na koren shayi ko maganin da ake kira NAC. Ina ganin ƙimar aikin, amma ki dubi adadin. Iyakar da ICNIRP, hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin kariya daga irin wannan fili, ta gindaya wa jama'a kilobolt 5 ce a mita, a cikin ɗaki mai rufi kuwa da wuya a kusanci ko da ɗaya. Sannan sinadari aka auna a hantar dabba, ba a nuna ɗan Adam ya kamu da ciwo ko ƙwaya ta kare shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin kansu. A Finland a 1994, bincike kan maza masu shan taba sama da 29,000 ya nuna waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari. A 2011 wani babban bincike a Amurka ya sami ƙarin dajin ƙululun mafitsara da kashi 17 a mazan da ke shan ƙwayar bitamin E. Ko shi sinadarin koren shayin, hukumar kula da abinci ta Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa miligiram 800 a rana a ƙwaya na iya taɓa hanta. Don Allah kada ki ɗura wa yara abin da likita bai rubuta ba. Kwaɗon zogale, gwaiba, lemu, tumatir, manja a miya, zoɓon da bai sha sukari ba, ki ba su don abinci ne mai gina jiki, ko da layin wuta ko babu. Mai shan maganin hawan jini dai ya yi hattara da yawan zoɓo, don shi ma yana ɗan saukar da jini.

Lalacewar nama da na gani da idona daban ce. Wata shekara aka kira mu wani gini da aka ɗora wa bene dab da layin 11kV. Yaron birkila ya ɗaga rodi zai miƙa sama, rodin ya kai kusa da waya, wuta ta yi tsalle ta kama. Da muka isa yana zaune yana magana, tafin hannunsa da ɗan ƙuna fari kamar girman kwabo, wani a tafin ƙafa inda ta fita. Maigidansa cewa yake a ba shi madara ya je ya kwanta. Sai da na ɗaga murya kafin aka sa shi a mota. Kafin gari ya waye fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, hannun ya kumbura suntum. Likita ya ce tsoka ce ta dahu daga ciki, abin da take zubarwa cikin jini yana neman toshe ƙoda. Ruwa aka yi ta ƙara masa, aka tsaga hannun don jini ya samu hanya. Ya rayu, Alhamdulillahi, amma yatsu biyu sun tafi. Har yau in na ga an jingina bene da waya sai gabana ya faɗi.

Saboda haka ga abin da zan roƙe ki. Ƙa'idarmu a Najeriya ita ce a bar mita 25 kowane gefe daga tsakiyar layin 330kV, mita 15 ga na 132kV. Idan gidan ya shiga cikin wannan tazarar, ku yi maganar tashi ke da Alhaji, ko da an biya kuɗin shekara. Idan yana waje, ki kwantar da hankalinki, sai dai a hana yara wasa a gindin ƙarfen da ke ɗauke da wayoyin, kada kuma a ɗaga eriya, tsani ko dogon ƙarfe ta ɓangaren wayar. Waya in ta tsinke ta faɗi, kowa ya yi nesa, kada a ce za a ture ta da sanda. Ki sa a auna tazarar da tef daga katangarku, ki turo hoton ƙarfen da wayoyin, in sha Allahu zan gaya miki ko wane layi ne.