Ciwon damuwa na mata ne kaɗai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗan kasuwa ne a Sakkwato. Tun da maiɗakina ta haihu wata huɗu da suka wuce ta canja: kuka ba dalili, ba ta cin abinci, yaron ma sai an tuna mata take ba shi nono. Likita ya ce ciwon damuwa ne, Hajiyarmu kuma ta ce raki ne irin na matan yanzu. Ni ma tun da jarina ya karye bara barci ya ƙaurace mini, abu kaɗan sai faɗa, amma ban taɓa kuka ba. Shin wannan ciwo na mata ne kaɗai? Me ya sa ya fi kama su?
Wani magidanci, Mabera

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya raya, ya ba maijego lafiya.

Malam, abin da ke damun iyalinka ciwo ne, ba raki ba. A bayanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, kimanin mutum miliyan 280 ke fama da ciwon damuwa a duniya, kuma inda aka samu maza biyu za a samu mata uku. Cikin masu juna biyu da masu jego kuwa, fiye da kashi 10 cikin 100 yana taɓa su.

Wajen kamuwa da shi, yara maza da mata kusan daidai suke tafiya, sai wajen shekara 12 zuwa 13, lokacin balaga, tazarar ke buɗewa. Sinadaran jikin mace suna hawa da sauka da al'ada da ciki da lokacin ɗaukewar al'ada. Biyu daga cikinsu, istirojin da furojestaron, suna hawa sosai lokacin ciki, sannan su faɗi cikin 'yan kwanaki bayan haihuwa. Shi ya sa masu jego da yawa kan yi kuka a makon farko, ya wuce kafin mako biyu. Na wata huɗu ya wuce wannan.

Amma ni a aikina na jinya, nauyin da ke kan mace ya fi tsaya mini a rai. Ka duba kwananta ɗaya. Ta tashi sau uku ko huɗu cikin dare, da asuba ga ruwan wanka, da hantsi ga 'yan barka. Ana gama suna kowa ya watse, ta koma bakin murhu a zafin garin nan da kan haura digiri 40, goyo a baya. In ta buɗe baki, daga uwarta har ƙawarta amsa ɗaya ce: "Yi haƙuri." Sai ta haɗiye, tana juya maganar a zuci ita kaɗai cikin ɗaki. Wata kuma ga fargabar saki, ga zaman kishi, ga duka a kai. Sannan mace na zuwa awo da rigakafi, ma'aikatan lafiya na ganin ta, don haka an fi gano nata.

Na namiji kuwa ɓuya yake yi. Tun yana ƙarami aka ce masa namiji ba ya kuka, sai nasa ya fito ta faɗa, ko raba dare a majalisa, ko tiramadol. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, a duniya mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu. Saboda haka ban ɗauki rashin barcinka da wasa ba. Ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, amma ƙunci ko rashin jin daɗin komai da ya kai mako biyu ya isa a ga likita, kai kuwa tun bara kake ciki.

Ku je tare. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, akwai kuma sashen masu wannan larura a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A duba mata jini da maƙoƙo, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo kan zo da kamannin wannan ciwo. Akwai magungunan da maishayarwa ke iya sha, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kada ta daina don ta ji shiru. Addu'a ku riƙe ta, magani ma ku riƙe. In da hali a tafi da Hajiya ta ji daga bakin likita, ya fi ka yi musu da mahaifiya. A samo ƙanwa ko gwaggo ta riƙa karɓar yaron da dare, maijego ta samu barci.

Idan ta fara cewa gara ta mutu, ko tana jin muryoyi, ko tana tsoron za ta cutar da yaron, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar. Kai ma idan irin wannan tunani ya taɓa zo maka, ka faɗa wa likita kai tsaye, da duk abin da kake sha don samun barci.