Ɗana ɗan ƙwallo ne, an ce ƙashin ƙafarsa ya mutu

Tambaya: Ɗana mai shekara 15 yana buga ƙwallo a ƙauyenmu kusa da Ringim. Wata uku ke nan yana ɗingishi, ciwon a gindin yatsan da ke bin babban yatsa. Mai ɗori ya ce targaɗe ne, ya ja ya ɗaure, bai lafa ba. Da aka ɗauki hoto sai aka ce ƙashin ya mutu. Yanke ƙafar za a yi?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, ba a yanke ƙafa saboda wannan. Bayaninka ya yi kama da cutar Freiberg, sunan likitan Amurka da ya bayyana ta a 1914. Dogayen ƙasusuwa biyar ne a gaban ƙafa, na biyun, wato na gindin yatsan da ke masa ciwo, ya fi tsawo, shi ke shan nauyi in an tashi gudu. Yaro bai gama girma ba, ga fili ya bushe ƙamas da rani, ga buga ƙwallo ba takalmi: sai jinin da ke ciyar da kan ƙashin ya yanke, wurin ya mutu, ya lotse. Ta ma fi kama 'yan mata.

A daina ja da murza, suna ƙara rugurguza wurin ne. A kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, a sake hoto yana tsaye a kan ƙafar. Da farkon cutar hoton kan fito lafiya lau, MRI, wato hoton na'urar maganaɗisu, ne ke gano ta. A kuma gwada jininsa, domin sikila ma tana kashe ƙashi. In akwai zazzaɓi da kumburi mai zafi, wannan ƙwayar cuta ce ake zargi, ba ta jira.

Idan kan ƙashin bai lotse sosai ba, siminti ko takalmin asibiti na mako 4 zuwa 6. Daga nan takalmi mai taurin ƙasa, da ɗan abu mai laushi a cikin takalmin a bayan wurin ciwon, ba a kansa ba. Ƙwallo kuwa sai bayan watanni, kuma nan ne iyaye ke sakaci: ciwo na lafawa yaro ya sulale fili. Maganin ciwo daga likita kawai, banda haɗin kemis.

In an yi wata shida ba sauƙi, ko gaɓar ta ƙage, sai tiyata: a kwashe ɓarɓashin ƙashi, ko a yanke ɗan yanki daga sama a juyo lafiyayyen guringuntsin ƙasa ya maye wanda ya lalace.